Bindiga Ɗaya, Dokoki Hamsin: Matafiyi Da Makaminsa A Amurka, Da Abin Da Ya Shafe Mu

A watan Oktoban 2013, wata mata mazauniyar birnin Filadelfiya da ke jihar Pennsylvania a ƙasar Amurka ta hau motarta ta nufi jihar New Jersey. Kogin Delaware ne kawai ya raba jihohin biyu. Gada ake hawa a sauka, babu shinge, babu jami'in shige da fice, babu mai tambayar fasfo. Matar uwa ce mai 'ya'ya biyu, ba a taɓa kama ta da wani laifi ba, kuma ta sayi ƙaramar bindiga ne bayan 'yan fashi sun tare ta. Ta bi duk ƙa'idar jiharta, ta sami lasisin yawo da makamin. A gundumar Atlantic ɗan sanda ya tsayar da ita a kan wani ɗan ƙaramin laifin tuƙi. Da bakinta ta gaya masa cewa tana ɗauke da bindiga, ta kuma nuna masa lasisinta. Nan take ya kama ta, domin jihar New Jersey ba ta san da zaman lasisin Pennsylvania ba.

Hukuncin da ke jiran ta bisa dokar jihar shi ne ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba, kuma alƙali ba shi da ikon ragewa. Sai da jama'a suka yi ca a kan lamarin kafin mai gabatar da ƙara ya sassauta a 2014, sannan a watan Afrilun 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Bindigar dai ita ce, matar ita ce, halinta bai sauya ba a tsakiyar gada. Abin da ya sauya kawai shi ne ƙasar da tayoyin motarta ke takawa.

Na kawo wannan labari ne saboda a duk shekara, idan muka zo kan darasin tsarin tarayya da ɗalibaina, sai na ji wani ya miƙe ya ce ai a Amurka kowa na da 'yancin ɗaukar bindiga ya je duk inda ya ga dama. Haka nan nake jin wannan magana a majalisu da kafafen sada zumunta, musamman a duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye, rai ya ɓaci, aka fara kiran a bar kowa ya mallaki makami. Tunda da Amurka ake kafa hujja, ya kamata mu san yadda abin yake a can, musamman a kan hanya, inda doka ta fi nuna ƙarfinta ko rauninta.

Tushen ruɗanin

Gyara na biyu da aka yi wa Kundin Tsarin Mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, shi ne ya ambaci 'yancin jama'a na mallaka da ɗaukar makami. An shafe fiye da shekara ɗari biyu ana jayayya a kan ko wannan 'yanci na ɗaiɗaikun mutane ne ko kuwa na rundunonin sa-kai na jihohi. Sai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yanci ne na mutum a karan kansa, ya ajiye bindiga a gidansa don kare kai. A 2010, a shari'ar McDonald da birnin Shikago, kotun ta ce wannan hukunci ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi ma. A ranar 23 ga Yunin 2022 kuma, a shari'ar Bruen, alƙalai shida cikin tara suka soke wani tsohon sharaɗi na jihar Niyok da ke tilasta wa mai neman lasisi ya nuna dalili na musamman da ya sa yake buƙatar fita da bindiga. Mai Shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin.

Duk da haka, babu ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce da ya ƙwace wa jihohi ikon tsara yadda za a bayar da lasisi, ko wuraren da aka hana shiga da makami, ko irin makamin da aka yarda da shi. Saboda haka ƙasar ta rabu gida-gida. Ya zuwa 2024, jihohi 29 sun yarda baligin da doka ba ta haramta wa mallakar bindiga ba ya ɗauke ta a jikinsa ko da ba shi da lasisi. Teksas da Jojiya da Fulorida na cikinsu, jihar Vermont kuwa ba ta taɓa neman lasisi ba tun asali. A ɗaya gefen akwai irin su Niyok da New Jersey da Kalifoniya da Maryland da Massachusetts, waɗanda ke da tsauraran sharuɗɗa, kuma ba sa karɓar lasisin kowace jiha in ba nasu ba.

Lasisin tuƙi da aka bayar a kowace jiha yana aiki a duk faɗin Amurka. Lasisin bindiga ba haka yake ba. Kowace jiha ita ke zaɓar lasisin da za ta girmama, wasu ta hanyar yarjejeniya, wasu bisa raɗin kansu. Jerin kuma yana sauyawa da sauyin siyasa. A watan Disambar 2015, Babban Lauyan jihar Bajiniya, Mark Herring, ya sanar da cewa jiharsa za ta daina amincewa da lasisin jihohi 25. Kafin a je ko'ina, a farkon 2016, gwamnan jihar da majalisarta suka cimma wata matsaya da ta warware wannan mataki. Wato matafiyin da ya haddace doka bara yana iya zama jahilinta bana.

Dokar ratsawa ta 1986

Majalisar Dokokin Amurka ta daɗe da ganin wannan matsala. A 1986 ta zartar da dokar kare masu mallakar bindiga, Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu. A cikinta akwai wani sashe da lauyoyi ke kira da lambarsa, 926A, wanda ya ba matafiyi damar ratsa kowace jiha da bindigarsa, komai tsaurin dokarta, muddin ya cika wasu sharuɗɗa.

Na farko, dole ne ya kasance doka ta halatta masa mallaka da ɗaukar makamin a inda ya taso, ta kuma halatta masa a inda zai sauka. Na biyu, dole ne ya kasance ba ya cikin waɗanda dokar tarayya ta haramta wa riƙe bindiga, kamar wanda aka taɓa samu da babban laifi. Na uku, dole ne bindigar ta kasance babu harsashi a cikinta. Na huɗu, daga bindigar har harsashin kada ɗaya ya kasance inda hannun direba ko fasinja zai iya kaiwa cikin sauƙi, wato a kulle su a but ɗin mota. Idan motar irin wadda ba ta da but a ware ba ce, to sai a sa su cikin akwati mai makulli, kuma dokar ta fito fili ta ce ɗan aljihun nan na gaban mota da wanda ke tsakanin kujerun gaba ba sa cikin lissafi.

Mu ɗauki misalin maharbi da ya taso daga Pennsylvania zai je farauta jihar Maine a can arewa maso gabas. Ba shi da wata hanyar mota a cikin ƙasar face ya ratsa jihar Niyok. Idan ya cire harsashi, ya kulle bindiga a bayan mota, ya wuce abinsa, dokar tarayya ta ba shi kariya. Hikimar da ke cikin wannan sashe a bayyane take: an raba tsakanin ɗaukar makami don amfani da shi da kuma jigilarsa a matsayin kaya. Jihar da ake ratsawa ba ta rasa ikonta ba, domin baƙo ba zai yi yawo da bindiga a ƙugu a titunanta ba. Shi ma matafiyi bai rasa 'yancin tafiyarsa ba.

Inda takarda ta gaza

A rubuce dokar ta yi kyau, amma hanya ba ta tafiya yadda takarda ta tsara. Dokar ba ta faɗi abin da zai faru idan tafiya ta katse ba. Tsayawa shan mai ko cin abinci ba ya cika jawo gardama. To kwana fa? Ziyarar ɗan'uwa na kwana biyu fa? Lalacewar mota fa? A nan ne mutane da dama suka faɗa rami.

Shari'ar da aka fi sani a kan wannan ita ce ta Revell. A 2005 wani mutumin jihar Utah ya taso daga birnin Salt Lake ta jirgin sama zai je Allentown a Pennsylvania. Ya bayyana bindigarsa a wurin awon kaya, an kulle ta a akwati kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Jirginsa ya yi latti, ya iso Newark a New Jersey bayan jirgin da zai ƙarasa da shi ya tashi. Dole ta sa ya karɓi kayansa ya kwana a otal. Da gari ya waye ya koma filin jirgi, ya sake bayyana bindigar don a ɗora ta, sai 'yan sanda suka kama shi da laifin mallakar makami ba tare da lasisin New Jersey ba. Daga baya an janye tuhumar, amma ya riga ya ɗanɗana zaman kurkuku. Da ya kai ƙarar hukumar da ta kama shi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ta yanke a 2010 cewa sashe na 926A bai kare shi ba, domin a daren da ya yi a otal bindigar na kusa da hannunsa. Kotun ta nuna cewa matafiyin da ya tsinci kansa a irin wannan hali gara ya nemi jami'an filin jirgi ko 'yan sanda su ajiye masa makamin da ya ɗauka ya fita da shi.

A wannan shekarar ta 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara da ke Niyok ta yanke cewa matafiyan da aka tsare a filayen jirgin sama ba za su iya dogara da wannan sashe su nemi diyya daga jami'an da suka tsare su ba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, a wasu wurare kariyar ta zama hujjar da mutum zai gabatar a gaban alƙali bayan an kama shi, an ƙwace makaminsa, ya biya lauya, wataƙila ma ya rasa aikinsa. Mai gaskiya zai iya fita daga ƙarshe, amma bayan ya sha wuya.

Ƙananan ƙa'idoji masu manyan hukunce-hukunce

Bayan batun lasisi akwai wasu tarkuna da matafiyi zai iya takawa bai sani ba. Jihohin Niyok da New Jersey da Kalifoniya sun hana gidan harsashi mai cin fiye da harsashi goma, alhali a Teksas ana sayar da wanda ya ninka haka a shagon unguwa. New Jersey ta taƙaita yawo da wani nau'in harsashi mai rami a baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki, kuma har da shi aka tuhumi mutanen nan biyu da na ba da labarinsu. Wasu jihohi sun wajabta wa direba ya sanar da ɗan sanda cewa yana da makami da zarar an tsayar da shi, wasu kuma sai an tambaye shi.

Akwai kuma dokar tarayya ta 1990 da ta hana ɗaukar bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makarantar firamare ko sakandare. Ta yi togaciya ga wanda ke da lasisin jihar da makarantar take, da wanda ya cire harsashi ya kulle makamin. Saboda haka baƙon da jiha ta amince da lasisin da ya zo da shi daga gida yana iya zama ya saɓa wa dokar tarayya don kawai ya bi ta titin da makaranta take. Manyan makamai irin su bindiga mai sarrafa kanta da gajerun bindigogin kafaɗa, waɗanda dokar 1934 ta sa wa ido, ba a ƙetare iyakar jiha da su sai an nemi izinin hukumar ATF tun kafin tafiya. Ko saye ma, dokar 1968 ta hana mutum ya je wata jiha ya sayi ƙaramar bindiga ya sa a aljihu ya dawo. Sai dai a aika ta wurin dillali mai lasisi a jiharsa, a can zai karɓa bayan an bincike shi.

A jirgin sama ƙa'idar hukumar TSA mai kula da tsaron sufuri ita ce: bindiga babu harsashi, cikin akwati mai tauri da makulli, a bayyana ta a wurin awon kaya, ta tafi ƙarƙashin jirgi. Ba a shiga da ita ɗakin fasinja ko kaɗan. Duk da haka, a 2023 hukumar ta kama bindigogi 6,737 a wuraren binciken fasinja, kuma kusan kashi 93 cikin 100 nasu da harsashi a ciki. A shekarar 2023, tarar wannan laifi tana iya kaiwa kusan dala 15,000, ban da tuhumar da 'yan sandan jiha za su iya yi. Kamfanin jirgin ƙasa na Amtrak shi ma ya yarda a ɗauki bindiga cikin kayan da aka auna tun daga Disambar 2010, bisa sharaɗin a sanar da shi aƙalla sa'a 24 kafin tashi.

Kowa da hujjarsa

Masu goyon bayan 'yancin makami suna cewa 'yancin da Kundin Tsarin Mulki ya bayar bai kamata ya tsaya a bakin iyakar jiha ba, kamar yadda 'yancin magana da na addini ba sa tsayawa. Sun yi nuni da cewa tun 2004 akwai dokar tarayya da ta ba 'yan sanda masu ci da waɗanda suka yi ritaya damar ɗaukar makami a kowace jiha, don haka abin ba gagara ya yi ba. Sun gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa kowace jiha karɓar lasisin sauran jihohi. Majalisar Wakilai ta amince da shi a Disambar 2017, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa, kuma ɗan majalisa Richard Hudson ya sake gabatar da shi a 2025.

Masu adawa kuwa suna cewa idan aka yi haka, jihar da ta fi kowace sako-sako ita ce za ta zama mai tsara wa ƙasa doka. Birni mai cunkoso kamar Niyok ba daidai yake da ƙauyen da maharba ke zaune ba, kuma jama'ar kowane wuri suna da haƙƙin zaɓar irin tsaron da ya dace da su. Suna kuma da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Babbar hanyar nan mai lamba 95 da ta taso daga Fulorida ta bi gaɓar gabas ta zama magudanar da 'yan fasa-ƙwauri ke kwaso bindigogi daga jihohin kudu masu sassauci zuwa biranen arewa. Wani rahoto da ofishin Babban Lauyan jihar Niyok ya fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na bindigogin da aka kama a wuraren aikata laifi, aka kuma gano asalinsu, daga wasu jihohi suka fito. Ƙasar da mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbin bindiga a 2021 kaɗai, fiye da rabinsu ma kansu suka kashe, ba za a zargi wani yankinta da tsananta taka-tsantsan ba.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Jiha tana da haƙƙin kare jama'arta, matafiyi mai bin doka kuma yana da haƙƙin kada a mayar da shi mai laifi don jirginsa ya yi latti. Kuskuren Amurka shi ne ta bar jihohi hamsin suka gina dokokinsu tsawon shekaru, sannan daga baya ta zo tana neman yadda za ta fasa hanya a tsakaninsu da sashe ɗaya mai 'yan layuka.

Mu kuma fa?

A takarda, Najeriya ba ta da wannan matsala. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai manyan makamai da sai Shugaban Ƙasa ne ke bayar da izininsu. Akwai bindigogin amfanin kai da Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba lasisi. Sai kuma bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda aka bar sha'aninsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha. Wannan ne ya sa a watan Yunin 2022, da Gwamna Bello Matawalle ya umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi.

Sai dai a kan hanya labarin daban ne. A ƙarshen watan Maris na 2025, wasu mafarauta 'yan Arewa suka taso daga jihar Ribas cikin babbar mota za su koma Kano yin Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan sa-kai suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi shelar cewa masu garkuwa da mutane ne. Kafin hukuma ta shiga tsakani, gungun mutane sun kashe 16 daga cikinsu, kisa na wulaƙanci da ya girgiza ƙasar nan. Shugaba Bola Tinubu ya yi Allah wadai, Gwamna Monday Okpebholo ya je Kano ta'aziyya. Amma ta'aziyya ba ta dawo da uba ga marayu.

Babu wani uzuri da zai wanke wannan ta'asa. Ko da mutum ba shi da lasisi ko kaɗan, hukuncinsa a kotu yake, kuma sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga a duk faɗin ƙasarsa. Gaskiya ne mutanen yankin sun daɗe suna fama da masu satar mutane, kuma tsoro yana makantar da hankali. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar ƙa'ida bayyananniya, wadda mai tafiya da mai tsaron hanya duk suka sani, ta yadda ganin bindiga a mota ba zai zama hukuncin kisa ba. Matar Filadelfiya ta faɗa hannun doka mai tsauri, amma ta sami lauya da alƙali da gwamnan da ya yi mata afuwa. Mafarautanmu ba su kai ga gaban kowa ba.

Yau jihohi da dama sun kafa rundunoninsu: Amotekun a Kudu maso Yamma tun 2020, dakarun sa ido na al'umma a Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024. Muhawarar 'yan sandan jihohi kuma ta sake ɗaukar zafi tun daga Fabrairun 2024, lokacin da Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka zauna a kanta. Duk inda aka dosa, hannayen da ke tare hanya suna ƙaruwa, kuma kowane hannu da ubangidansa. Wannan ita ce hanyar da ta kai Amurka ga dokoki hamsin, mu kuwa muna shirin hawanta ba tare da irin kotuna da rajistar da suke da su ba.

Abin da ya kamata a yi tun yanzu

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, ko da an kafa 'yan sandan jihohi, dokar makamai ta ci gaba da zama ta tarayya, kuma lasisin da aka bayar bisa ƙa'ida a wata jiha ya kasance an san matsayinsa a sauran jihohin a rubuce, ba sai an bar wa mai tsaron shinge ya yi fatawa ba.

Na biyu, Majalisar Tarayya ta shigar da sashen jigilar makami cikin dokar 1959 da ta tsufa. A fayyace cewa duk mai tafiya da bindigar farauta zai sauke ta, ya raba ta da albarushi ko harsashi, ya kulle ta a akwati ko buhu mai hatimi, sannan ya karɓi takardar tafiya daga ofishin 'yan sandan inda ya taso, mai ɗauke da sunansa da adadin makaman da inda ya nufa. A nan mu ɗauki darasi daga shari'ar Revell: kariyar ta haɗa da tsayawa salla da cin abinci da kwana da gyaran mota, domin babu mai tasowa daga Fatakwal ya isa Kano ba tare da ya tsaya ba.

Na uku, a samar da rajistar da jami'i zai iya tantance lasisi da ita ta wayar hannu a cikin 'yan mintuna. Ƙasar da ta iya haɗa lambar waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ba za ta gaza wannan ba. Cibiyar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 tana da rawar da za ta taka a nan tare da rundunar 'yan sanda.

Na huɗu, a iyakance ikon 'yan sa-kai a doka, a kuma koya musu: wanda suke zargi, su miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Duk wanda ya wuce nan a hukunta shi a bainar jama'a, ko daga wane yanki ya fito.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye. Farauta sana'a ce ta kaka da kakanni, tana da sarakunanta da ladubbanta. Amma zamanin da ayarin mafarauta zai hau bayan mota da bindigogi a fili ya ratsa jihohi biyar ko shida ya wuce, domin ƙasar ta cika da tsoro. Sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su riƙa rajistar mutanensu, su sanar da hukuma da shugabannin Hausawa mazauna garuruwan da za a ratsa kafin a tashi. Masarautu da gidajen rediyo su taimaka wajen yaɗa wannan ƙa'ida da Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka kuwa, musamman direbobin manyan motoci da ke ratsa jihohi kullum, shawarar gajeriya ce. Lasisin jiharka ba fasfo ba ne. Bincika dokar kowace jiha da za ka bi kafin ka tayar da mota, kuma ka sani cewa ga wanda ba ɗan ƙasa ba, laifin makami yana iya kaiwa ga kora daga ƙasar baki ɗaya. Ɗalibai da masu bizar ziyara ma dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Matambayi ba ya ɓata.

Masu kiran a bar kowa ya ɗauki makami suna magana ne daga cikin ciwo, kuma ban raina ciwonsu ba. Wanda aka ƙona wa rumbu, aka sace wa 'ya, ba a yi masa lacca. Abin da nake roƙo shi ne, kafin mu yanke shawarar wa zai riƙe bindiga, mu fara amsa tambayar da Amurka ta kasa amsawa cikin kusan shekara arba'in: idan mai bindigar ya bar garinsu ya hau titi, wace doka ce ke tafiya tare da shi, kuma wa zai kare shi daga wanda bai san ta ba? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa, balle mu da namu ya riga ya fara hayaƙi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Uromi da duk waɗanda rashin tsaro ya ci a ƙasar nan, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.